Likitan Mishan Da Ya Yi Wa Agana Zobe

Yaran yanzu ba su san agana ba. Sai dai in yaro ya ga zanzana a fuskar wani dattijo a majami'a, ko tabon lamba a damtsen kakarsa, ya tambaya a ba shi labari. Amma iyayenmu sun santa. Idan ta shiga gari, a cikin mutum 10 da ta kama wajen 3 sukan mutu, waɗanda suka tashi kuwa wasu da makanta suka tashi.

Cikin mutanen da Allah ya yi amfani da su wajen kawar da wannan ciwo akwai Dakta William Foege, mutumin Amurka, ɗan wani fasto na ikkilisiyar Lutheran. An haife shi a 1936 a jihar Iowa. Tun yana saurayi ya karanta labarin Albert Schweitzer, likitan nan na ƙasar Gabon, zuciyarsa ta koma Afirka. Ya gama karatun likita a 1961, ya ƙara ilimin kiwon lafiyar jama'a a jami'ar Harvard a 1965, sa'an nan ya zo aikin mishan a Yahe, cikin lardin Ogoja, a gabashin Nijeriya. Dogo ne ƙwarai, har a ƙauyuka akan taru don a gan shi kawai.

A watan Disamba 1966 wani ɗan mishan ya aiko masa da saƙo ta rediyon oba-oba cewa agana ta ɓulla a wani ƙauye. To, a lokacin abin da masana suka yarda da shi shi ne sai an yi wa aƙalla mutum 80 cikin 100 lamba kafin ciwon ya tsaya. Ga shi maganin da ke hannun Foege kaɗan ne, wanda aka yi alkawari bai iso ba tukuna. Yaya ke nan?

Nan ne zumuncin ikkilisiya ya yi rana. 'Yan mishan na wannan yanki sun saba magana da juna ta rediyo kowace yamma. Foege ya shimfiɗa taswira, ya raba musu ƙasar, ya roƙi kowa ya aiki mutane ƙauye-ƙauye su dubo inda ciwon yake. Washegari labari ya dawo. Sai aka tafi da ɗan maganin da ke akwai aka yi wa mutanen ƙauyukan da abin ya shafa. Bai tsaya nan ba. Ya tambaya: mutanen nan wace kasuwa suke ci, ina danginsu suke? Aka riga ciwon isa can, aka yi lamba. Duk wanda ya taɓa kashe gobarar daji ya san wannan dabara, wato a share ciyawar da ke gaban wuta don ta rasa abin ci. Annobar ta mutu alhali yawancin jama'a ba a taɓa su ba.

A ganina abin lura a nan shi ne masu ɗaukar saƙon nan da suka taka da ƙafa ko suka hau keke. Ba mu san sunayensu ba, amma ba don su ba da taswirar likita ta zauna fayau.

Yaƙin basasa na 1967 ya sa Foege barin gabas, amma dabarar ta riga ta kama. Aka bi ta a sauran ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma a 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a wannan yanki. A 1973 Foege ya tafi Indiya, inda wasu manya suka ce abin da ya ci a ƙauyukan Afirka ba zai ci a ƙasa mai cunkoso haka ba. A 1974, da ciwon ya yi tsanani a jihar Bihar, saura kaɗan a koma tsohon tsari. Aka daure, a 1975 agana ta ƙare a Indiya. Wanda ya kamu da ita na ƙarshe ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a wani mai dafa abinci ne a asibitin Merca ta Somaliya, a 1977, ya kuwa warke. A watan Mayu 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa agana ta ƙare a duniya.

Daga baya Foege ya shugabanci CDC, cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, daga 1977 zuwa 1983. Ya jagoranci Cibiyar Carter daga 1986, wadda ta sa hannu a yaƙi da kurkunu, har aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi a 2013. Ya koyar a jami'ar Emory, ya kuma rubuta labarin aikin agana a littafinsa House on Fire a 2011. A 2015, da aka zo gwada allurar rigakafin Ebola a ƙasar Gini, zoben nan na Ogoja aka sake yi: a nemo mai ciwo, a yi wa waɗanda suka yi cuɗanya da shi, sa'an nan waɗanda suka yi cuɗanya da su.