Idan Zuciya Ta Gaza, A Garzaya Asibiti

Zuciya kamar injin ban-ruwa take a fadama. Ita ce ke tura jini ko'ina a jiki, dare da rana. Ita ma tana da jijiyoyin da ke kawo mata nata jinin. Idan gudan jini ya toshe ɗaya daga cikinsu, sai wani sashe na naman zuciya ya fara mutuwa. Wannan shi ake kira bugun zuciya. Ya fi kama masu hawan jini, da masu ciwon suga, da mashaya taba.

Wani lokaci ɓarnar takan yi yawa har zuciya ta kasa tura jini. Bayan ciwon ƙirji, sai gumi mai sanyi ya karyo wa mutum. Hannu da ƙafa su yi sanyi ƙalau. Numfashi ya yi wuya, hankali ya gushe, fitsari ya ɗauke. Ko a asibiti, mutum 4 ko 5 cikin 10 masu wannan hali ba su tashi. Saboda haka ba ciwon da za a ce a bari sai gari ya waye ba ne.

Kafin a sami mota, a zaunar da mara lafiya a jingine, don numfashi ya yi masa sauƙi. In yana cikin hayyacinsa, kuma ba shi da gyambon ciki, a ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna.

Akwai kuskuren da ake yawan yi a karkara, wato kai shi kemis a yi masa ƙarin ruwa. Zuciyar da ta gaza ba ta iya tura wannan ruwa. Sai ya taru a huhu, numfashi ya ƙara toshewa. Likita kaɗai ya san ko ana bukatar ruwa.

A asibiti za a sa masa iskar oksijin, a auna zuciyar da na'ura, a yi masa allurar da ke ɗaga ƙarfin jini. Amma babban magani shi ne buɗe jijiyar da ta toshe. Likitoci kan zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya har zuwa zuciya, su buɗe wurin. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1999 ya nuna waɗanda aka buɗe wa jijiyar da wuri sun fi rayuwa.

Ba kowane asibiti ke da wannan kayan aiki ba. Inda babu, akwai allurar narkar da gudan jini. Ta fi aiki a awoyin farko, bayan awa 12 kuwa amfaninta kaɗan ne.