Fumfunar Cikin Jikin Tsirrai: Inda Jari Ya Yi Riba Da Inda Ya Maƙale

Kusan kowane tsiro da masana suka bincika, sun tarar da ƙwayoyin fumfuna zaune a cikin ganyensa ko saiwarsa ko irinsa, ba tare da alamar cuta ba. Tsiron ne ke ciyar da su, wasunsu kuma suna samar da sinadaran da ke korar ƙwari. Waɗannan sinadarai su ne hajar da ake nema.

Masu shanu a Amurka sun ɗanɗana kuɗarsu. Ciyawar kiwo mai suna Kentucky 31, wadda aka fitar a shekara ta 1943, tana da jure fari, amma shanun da ke cinta sukan rame, nono ya ragu, wasu har ƙafa ta ruɓe. Sai a 1977 masana a Jihar Jojiya suka danganta cutar da fumfunar da ke cikin ciyawar. A 1993 an ƙiyasta hasarar masu shanun nama da kimanin dala miliyan 600 a shekara.

Da aka raba ciyawar da fumfunar, dabbobi sun sami lafiya, ita kuwa ta rasa ƙarfin jure fari da ƙwari. Mafita ta fito ne daga Niw Zilan, inda cibiyar AgResearch ta zaɓo nau'o'in da ke kare ciyawa ba tare da illata dabba ba. Aka shigar da MaxQ kasuwar Amurka a 2000, AR1 kuma kasuwar gida a 2001. Ana sayar da iri ne da fumfunar a cikinsa, bisa lasisi. Sai dai zafi da laima suna kashe ta a rumbun ajiya alhali irin na nan da ransa, abin da ya kamata dillalan iri a ƙasashe masu zafi su lura da shi.

Labarin maganin sankara na Taxol dabam ne. A 1993 Gary Strobel da abokan aikinsa a Montana suka ba da sanarwar samun fumfunar da ke yin sa a cikin itacen da ake tatso shi, aka yi ta ɗoki. Amma abin da take bayarwa a kowace lita bai taka kara ya karya ba, kuma a 2013 masana a Jamus suka ce ba su ga shaidar cewa tana yin sa da kanta ba. Har yanzu daga ganyen itacen, ko ƙwayoyin jikinsa da ake rainawa a manyan tankuna, masana'antu ke samun maganin.