Kiwon kififiya a garka

Ƴan uwa manoma, kowa ya san kunkuru na tudu. Yana da ƴar uwa mai zama cikin ruwa, ita ce kififiya. Irin wadda aka fi gani a tabkunanmu ƙarama ce, ƙoƙon bayanta bai cika wuce santimetir 20 ba. In tabki ya ƙafe sai ta shige cikin laka, ta kwanta har wata damina. Mai garka yana iya kiwon ta don sha'awa, amma sai ya kula da lafiyarta da ta iyalinsa.

Wurin zama

A gina rami mai tsawon metir 2, faɗi metir 1, zurfi santimetir 50. A shafe shi da siminti. Sabon siminti yana ɓata ruwa, don haka a cika ramin a kwashe sau da yawa kafin a sa ta ciki. Gefe ɗaya ya zama gangare, yadda za ta riƙa fita. A sa mata gungume don shan hantsi, domin in ba ta samun rana ƙoƙonta laushi yake yi. Rabin ruwan kuma ya kasance cikin inuwa.

A kewaye wurin da danga mai ƙarfi da ƙofa. Danga tana hana ta gudu, tana kuma hana ƙananan yara faɗawa cikin ruwa.

Abinci

Kififiya maciyiyar nama ce. Tana cin fara, tana, gara, talibambam, katantanwa da ƙananan kifi. Ƙashin kifi da ɓawon katantanwa suna ƙarfafa ƙoƙonta. Babba, a ba ta sau 2 ko 3 a mako. Ƴaƴa, a ba su kullum. Abin da ya rage a tsame shi kada ya ruɓe. Kada a haɗa ta da ƴaƴan agwagwa, kama su take yi.

Haihuwa

Namiji ya fi mace dogon wutsiya. Mace ba ta yin ƙwai cikin ruwa, ƙasa take nema. Sai a tara mata rairayi mai ɗan danshi a bakin ramin, kaurinsa kamar santimetir 30. Da ƙafafun baya take haƙa, ta zuba ƙwai 10 ko fiye, ta rufe. Ba ta kwanci a kansu, zafin ƙasa ne ke ƙyanƙyashe su cikin wata 2 zuwa 3. Kada a tone ƙwan, kada a juya shi, don ɗan da ke ciki yana iya mutuwa. A kife kwando a wurin saboda kare da damo. In ƴaƴa sun fito a raba su da manya, a sa su cikin ruwa marar zurfi, a kare su daga shaho.

Lafiyar iyali

Nan ne babbar magana. Ko kififiya tana da ƙoshin lafiya, kashinta yakan ɗauki ƙwayar cuta mai suna salmonela. Ƙwayar tana kawo zawo, ciwon ciki da masassara. Ta fi tsanani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi. Shi ya sa a shekarar 1975 ƙasar Amurka ta hana sayar da waɗanda ƙoƙonsu bai kai santimetir 10 ba, don yara na kai su baki.

Ga abin da za a kiyaye:

1. Wanda ya taɓa ta ko ruwanta ya wanke hannu da sabuni.
2. Kada a bar ƙaramin yaro ya yi wasa da ita.
3. Kada a sa ta cikin randa, rijiya ko kwanon abinci.
4. A sake ruwan kowane mako, kafin ƴaƴan sauro su yi fiffike.
5. Tsohon ruwan a ba itatuwa. Kada a zuba wa salati ko wani abin da ake ci ɗanye.

In yaro ya kamu da zawo, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi likita ba da jinkiri ba.

Nijar tana da dokar kare namun daji ta shekarar 1998. Kafin ka kamo kififiya daga tabki, nemi shawarar ma'aikatan gandun daji. Wanda ba zai iya cika waɗannan sharuɗɗa ba, ya bar ta a tabkinta. Rigakafi ya fi magani.