Keke Ya Dawo Dutsin-Ma, Turbar Daji Ba Ta Dawo Ba

A Turai da Amurka akwai masu ɗaure tanti da guzuri a jikin keke, su kutsa daji su yi kwanaki don nishaɗi kawai. Dattijon Kurfi in ya ji wannan, murmushi zai yi, don shi ma ya yi irin tafiyar, sai dai neman abinci ne ya fitar da shi. A da, ɗan koli kan ɗaure kayansa a kariyar Raleigh ko Phoenix, ya rataya famfo da kayan faci, ya bi turba yana cin kasuwa bayan kasuwa, daga Kurfi zuwa Batsari, daga Dutsin-Ma zuwa Safana, har bakin dajin Rugu. Inda magariba ta riske shi nan ne masauki, ko zauren mai gari ko rugar Fulani.

Babur ne ya fara rage wa wannan tafiya armashi. Da Jincheng da Bajaj suka cika ƙauyuka, nisan da keke ke yini a kansa sai ya koma na kafin azahar. Wannan kam ba abin kuka ba ne. Ɓarnar ta zo ne da babur ɗin ya zama dokin 'yan bindiga, turbobin da suka haɗa Rugu da garuruwa suka koma hanyar kai hari da korar shanu. Baƙo a daji ya zama abin zargi, shi ma yana zargin duk wanda ya hango.

A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya hana sayar da fetur a jarka, ya hana cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Kurfi da Dutsin-Ma. Ɓarayi aka nufa, amma manomi da ɗan acaba su ma sun ji a jikinsu. Sai ga ranar 29 ga Mayu, 2023, aka cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta taɓa 1,000. Nan fa aka shiga lalubo tsofaffin kekuna a bayan rumbu, ana kai wa mai gyara ya sa sarƙa da birki. Malamin firamare ya hau, ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ya hau, mai noman rani a bakin dam ɗin Zobe ya hau.

Ribar a fili take, tunda keke ba ya shan mai, gyaransa kuma ba ya karya aljihu. Amma a ganina masu murnar dawowarsa sun yi gaggawa. Talauci ne ya dawo da shi, kuma bai dawo da nisan zangonsa ba. Mai keke a yau iyakarsa gona ta kusa da bakin kwalta, kuma kafin la'asar sakaliya ya juyo, don ya san in an biyo shi da babur ba shi da tsira. Ƙauyen da ɗan koli ke kai wa gishiri da allura, yanzu sai mutanensa sun fito da kansu, in ma ba su yi hijira ba.

An kafa rundunar tsaron al'umma a 2023 ƙarƙashin Gwamna Dikko Umaru Radda, wasu ƙananan hukumomi kuma sun shiga sulhu a 2025. Duk mai son sanin ko abin ya yi tasiri, ya je wurin masu faci a kasuwar Dutsin-Ma, ya tambayi masu kawo musu kekuna wane ƙauye ne mafi nisa da suka kwana a bana.