Tseren motoci: Yaushe ya kamata ka canza giya?

Ka sha ganin bidiyon a TikTok: motoci biyu sun jeru, fitila ta ba da kore, sai su fizga a miƙe tsawon mita 402, wato rubu'in mil. Sau da yawa hannun mai canza giya ne ke raba gardama.

Samari da yawa sun ɗauka da inji ya kai ƙololuwar ƙarfinsa sai a canza. To, abin dubawa shi ne inda allura za ta faɗo bayan ka canza.

Ɗauki Honda S2000 ta 1999. Ƙarfinta na cika a juyi 8,300 a minti, jan layinta kuma yana dab da 9,000. In ka bar giya ta ɗaya a 8,300, allura za ta sauko wajen 5,400, alhali VTEC, tsarin da ke ƙara buɗe bawul, sai kusan 6,000 yake farkawa. Motar ta yi sanyi ke nan, abokin karawarka ya wuce. In ka ja ta kusa da 9,000 kuwa, za ka sauka wajen 5,900, bakin inda ƙarfin yake.

Amma fa kar ka kwafi wannan a kowace mota. Yawancin masu turbo ƙarfinsu kan fara zubewa tun kafin jan layi, gara ka canza da wuri.

A filin tsere ake wannan gwaji, ba titin unguwa ba. Kuma ka kula da hannunka: in kana neman giya ta huɗu ka faɗa ta biyu, kwamfutar motar ba ta iya cetonka, bawul za su lanƙwashe, sai bakanike.