Gonar haki: yadda ake renon ciyawa a filin golf

Manomi yana wuni cikin gona da hauya don ya kashe haki. Makiyayi yana tafiyar kwana da kwanaki don ya same shi. Akwai kuma mutum na uku, wanda aikinsa renon haki ne. Yana shuka shi, yana ba shi ruwa, yana sa mashi taki. Kowace safiya yana yi mashi aski. Amma ba ya girbe shi, ba ya ba dabba ko ɗaya. Wannan mutum shi ne mai kula da filin golf.

Abin mamaki a nan shi ne: hakin nan ana yanke shi kullum, ana tattaka shi kullum, amma bai mutuwa. A bakin rijiya kuwa, shanu na ƴan watanni sun isa su mai da wuri fako. Mi ya kawo wannan bambanci?

Mi ne ne golf?

Golf wasa ne na sanda da ɗan ƙwallo fari, kamar ƙwan zabuwa. Wasu suna ce mashi ƙwallon lambu. A cikin fili akwai ramu 18. Faɗin kowane rami bai cika santimitir 11 ba. Mai wasa yana bugun ƙwallo yana bin shi, har ya faɗa rami, sannan ya nufi rami na gaba. Wanda ya gama ramu duka da bugu mafi kaɗan, shi ya ci. Babban fili yana kai hekta 50 ko 60.

Wasan ya girma a ƙasar Sikotilan, arewa da Ingila. Can akwai jigawa a bakin teku, wadda ba ta yin hatsi. Sai gajeren haki, da tumaki, da zomaye. A nan mutane sunka riƙa wasansu. Tun 1457 wasan ya yi ƙarfi, har sarki Jems na biyu ya hana shi, don yana ɗauke ma maza hankali ga koyon harbin baka. A 1764 anka tsai da ramu 18 a filin garin Sant Andurus, daga baya sauran filaye sunka bi.

A wancan zamani babu injin yankan haki. Tumaki da zomaye ne wanzaman fili, kashinsu kuma shi ne taki. Sai a 1830 wani Bature na Ingila, Edwin Budding, ya ƙera injin yanka. Sannu a hankali injin ya amshi aikin tumaki.

Aski iri uku

Filin golf ba a yi mashi aski iri ɗaya. An raba shi kashi uku.

1. Dandalin rami. Shi ne ɗan wurin da ke kewaye da rami. Nan ƙwallo ke gangarawa bisa haki kamar bisa tabarma. Ana barin milimitir 3 ko 4 kaɗai, wato tsawon ƙwayar dawa. Kusan kullum ake yanka.

2. Hanya. Ita ce doguwar shimfiɗa daga wurin bugun farko zuwa dandali. Ana barin santimitir 1 ko 1 da rabi. Ana yanka sau biyu ko uku a mako.

3. Gefe. Nan ana barin haki ya kai santimitir 5 ko fiye, don ya zama horo ga wanda ƙwallonsa ya kauce.

Don mi haki bai mutuwa in an yanke shi? Don idonsa yana can ƙasa, ga gindi. Daga nan sabon ganye ke fitowa. In wuƙa ko haƙorin dabba bai kai ga idon ba, haki zai sake toho.

Amma ganye shi ne madafar haki. Cikin ganye ake haɗa abinci da hasken rana, a aika ma saiwa. In an kwashe ganye da yawa gaba ɗaya, saiwa sai ta tsaya da girma. Don haka masu aikin suna da doka: kada a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku a yanka guda. In haki ya kai santimitir 6, biyu kaɗai za a cire, a bar huɗu. Gara a yanka kaɗan-kaɗan sau da yawa, da a bari ya yi tsawo a sare shi har ƙasa. Kuma wuƙar inji sai ta yi kaifi. Dakusassar wuƙa tana yage ganye, cuta ta samu ƙofa.

Gajeren ganye, gajerar saiwa. Hakin dandali ya fi kowane kyaun gani, amma shi ya fi rauni. Shi ne ke fara jin ƙishirwa, shi ne ke fara kamuwa da cuta. Dandali 18 in an haɗa su ba su wuce hekta ɗaya ko biyu ba, amma su ke cin mafi yawan kulawar ma'aikata.

Kowace ƙasa da irinta

Kamar yadda gero ke son jigawa, shinkafa ke son fadama, haka haki yake. Akwai hakin ƙasashen sanyi, mai siririn ganye, irin na Sikotilan. Wannan in zafi ya wuce digiri 30 sai ya galabaita. Akwai kuma hakin ƙasashen zafi. Babbansu shi ne wanda Amurkawa ke ce ma hakin Barmuda.

Hakin Barmuda ba baƙo ba ne ga mai lambu. Shi ne kiri-kiri, wanda ke yaɗo a fadama da bakin gulbi. Yana tafiya bisa ƙasa, yana tafiya ƙarƙashin ƙasa. Ko wace gaɓa ta taɓa laima sai ta yi saiwa. Halin da ya sa mai lambu ke ƙin shi, shi ne ya sa mai golf ke son shi: in an ji mashi ciwo, da kansa yake rufe wurin.

A garin Tifton na jihar Jojiya, cikin Amurka, wani masani mai suna Glenn Burton ya yi shekaru yana aiki bisa wannan haki. Da farko don shanu ya yi. A 1943 ya fid da wani iri mai yawan ganye don kiwo. Daga baya anka aurar da kiri-kiri da wani ɗan'uwansa mai laushi na Afirka ta Kudu. Sai anka samu irin da ake kira Tifgreen a 1956, da Tifway a 1960. Waɗannan ba su yin ƴaƴa masu tsira. Dasa su ake yi da gutsattsarin jiki, kamar yadda ake dasa rogo ko dankali.

Ƙasa ma tana numfashi

Babban abokin gaban haki a filin golf shi ne ƙafa. Mutane suna taka wuri ɗaya safe da marece, ga nauyin injuna. Ƙasa sai ta danne, ta yi tauri. Ruwa bai shiga, iska bai shiga, saiwa ta shaƙe.

Magani na farko rairayi ne. Wani mutumin Sant Andurus, Tom Morris, ya riƙe aikin kula da filin garinsu tun daga 1864, kusan shekara 40. An san shi da yawan barbaɗa rairayi bisa haki. Har yau ana bin wannan dabara. Rairayi yana cike ƴan ramu, yana shiga tsakanin matattun ganye da ke taruwa a gindin haki, yana buɗe ma ruwa hanya.

A 1960 ƙungiyar golf ta Amurka ta fid da tsarin gina dandali. Ana gina rami mai faɗi, a shimfiɗa tiyo na zurar da ruwa a ƙasa. A zuba tsakuwa santimitir 10. Bisa tsakuwa a zuba rairayi santimitir 30, gauraye da ɗan ruɓaɓɓen ganye. Sannan a dasa haki. Rairayi bai dannewa kamar laka, ko an taka shi sau dubu.

Magani na biyu huda ne. Sau ɗaya ko biyu a shekara, wani inji mai haƙora yana bin fili yana huda ƙasa, zurfin ɗan yatsa. Yana zaro ƴan curin ƙasa, a kwashe su, a cike ramun da rairayi. Masu wasa ba su son wannan aiki, don yana ɓata masu wasa na ƴan makonni. Amma in ba a yi ba, haki ne zai biya.

Magani na uku canjin wuri ne. Ramin ƙwallo bai zama wuri ɗaya. A filayen da jama'a ke yawa, kusan kowace safiya ake gina sabon rami a wani gefen dandali, a toshe tsohon da curin haki. Wurin bugun farko ma ana gusa shi. Ta haka ƙafar yau ba ta faɗa inda ta jiya ta faɗa ba.

Magani na huɗu hutu ne. Tsohon filin Sant Andurus, wanda ya fi kowane suna a duniya, ba a wasa cikinsa ranar Lahadi, sai in babbar gasa ta kama. Ranar nan mutanen gari ke shiga su sha iska, haki kuma ya huta.

Ruwa da taki

Ban ruwa yana da tsari. Yayyafi na kullum yana lalata haki, don saiwa sai ta zauna sama tana jira. Ran da ruwa ya yanke, ta ƙone. Abin da ake so shi ne a ba da ruwa ya ratsa ƙasa sosai, a dakata har sama ta sha iska, sannan a ƙara. Saiwa sai ta bi laima zuwa ƙasa. Da dare ko da asuba ake ban ruwa, lokacin da rana da iska ba su kwashe shi.

Taki ma kaɗan-kaɗan ake sa shi. In takin zamani ya yi yawa, ganye sai ya yi tsawo da taushi, saiwa ta rage, cuta da tsutsa su samu abinci. Kafin a sa, ana ɗibar ƙasa a kai a auna, a ga abin da ta rasa.

To, ruwa nawa wannan gona ke sha? Ga lissafi. Ruwa milimitir 1 bisa hekta ɗaya, litir 10.000 ne, wato tano 50. A ƙasa mai zafi da bushewa, haki yana iya shan milimitir 6 a wuni. In ana ban ruwa ga hekta 40, ana bukatar tano 12.000 ke nan a rana ɗaya. In saniya tana shan litir 30, wannan ruwa ya ishi shanu 80.000.

Shi ya sa ake gardama bisa filayen golf a ƙasashen da ruwa ya yi wuya. Su ma masu filayen sun fara neman mafita. Wasu suna amfani da ruwan dattin gari wanda anka tace. Wasu suna dasa wani haki na bakin teku mai jure ruwan gishiri. Wasu kuma suna rage hakin kansa. A wani sanannen fili na garin Pinehurst, cikin Amurka, tsakanin 2010 da 2011, an tuge haki wajen hekta 14, anka bar rairayi da ciyawar daji ta wurin. Ruwan da ake zubawa ya ragu ƙwarai, kuma a 2014 anka yi babbar gasa a filin. A garin Kuba Pedi na hamadar Ostareliya, filin ba shi da haki. Mai wasa yana yawo da ɗan guntun hakin roba, ya aje ƙwallo bisa, ya buga.

Abin da ya shafi makiyayi da mai lambu

Makiyayi ba shi da tiyo ko injin huda. Ruwan tano 12.000 kuma ba na garinsa ba ne. Amma cikin aikin mai golf akwai abu uku da ba a saye da kuɗi: barin ganye, canza wurin ƙafa, da hutu.

Waɗannan sun fi shafar haki mai daɗewa, wanda ke rayuwa bisa saiwarsa shekara da shekaru, kamar gamba, da burgu, da kiri-kiri. In bisashe sunka cinye shi har gindi, sunka koma kai tun bai farfaɗo ba, saiwa tana ƙarewa. Shekara ta farko ya rage, ta biyu ya ƙara ragewa, wata shekara a neme shi a rasa. Haki na damana ɗaya, kamar ƙarangiya, nasa hutun daban ne: a bar wani yanki ya zub da ƴaƴa, don su ne hakin baɗi.

Mai lambu kuma ya yi hankali da kiri-kiri. Cikin fangali ɓarna ne, fid da shi aiki ne ja. Amma a bakin hanyar ruwa, ko gefen kwari inda ƙasa ke zaizayewa, yana riƙe ƙasa kamar saƙa.

Mai golf da tunkiya aiki ɗaya suke yi, dukansu aske haki suke. Tunkiya ba ta san kashi ɗaya cikin uku ba, ba ta san Lahadi ba. Mai sanda ne zai san mata. Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Hakin da anka bar ma ganye bana, shi ne zai tarbi garke baɗi.