Kuros Ɗin Farfela: Kada A Jira Sai Ya Karye

Direbobinmu masu jigila tsakanin Kano da Ikko, ko masu ɗauko goro daga Shagamu, sun san ƙarar nan "ƙwas" da mota kan yi idan an sa giya za a tashi. Da yawa sukan share ta. Alhali kuwa sau da yawa kuros ɗin farfela ne ke neman agaji.

Farfela ita ce doguwar sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji daga giyabos zuwa ƙafafun baya, a motoci irin su bas ɗin Toyota Hiace da manyan motocin kaya. Da yake ƙafafun baya suna hawa da sauka a kan gargada, sai aka sa kuros a ƙarshen farfela don ta riƙa juyawa ko da a karkace. Hannuwa 4 gare shi, kowanne da murfi cike da siraran ƙarafa kamar allurai, masu gudu cikin giris. Idan giris ya bushe, ko ruwan damina na kudu ya shiga, sai alluran su cinye.

Sauran alamu su ne kukan ƙarfe a tafiyar sannu, da rawar mota a guje, da jan garin tsatsa a bakin murfi. A sa wa taya waigi, a cire giya, a murɗa farfela da hannu. In ta yi wasa, to kuros ya gama aiki.

Wajen canji, a tsaya kan bakanike. Ya fara yi wa farfela alama da alli kafin ya kwance notina, don ta koma yadda take, in ba haka ba mota na iya yin rawa. Ya zare kilif, ya matse murafen da bais, kada ya bugi jikin farfela da guduma. Wajen sa sabo ya lura: allura ɗaya in ta kwanta a gindin murfi, kilif ba zai zauna ba. Bayan an gama, kuros ya motsa ba tauri, a ɗura masa giris in yana da bakin ɗuri.

In kuros na gaba ya karye a guje, farfela na iya cakar kwalta ta kifar da mota da mutanen cikinta. Saboda haka, 'yan'uwa, a leƙa ƙarƙashin mota tun a tasha, kafin a kama hanyar Jebba. Allah ya kiyaye hanya.